Ƙullin tsoka da gajiyar ƙafar dama: nazarin lamarin wata 'yar tseren ƙanƙara

Wasan da mai wasan

Tseren gajeren zagaye a kan ƙanƙara ana yin sa a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30, kuma zagaye ɗaya mita 111.12 ne. Ya shiga jerin wasannin da ake ba da lambar yabo a Olamfik ɗin hunturu a Albertville ta Faransa a 1992, kuma Koriya ta Kudu, China, Kanada, Holan da Italiya na cikin ƙasashen da suka yi fice a kansa. Tseren mita 500 zagaye 4 da rabi ne, na mita 1000 zagaye 9, na mita 1500 zagaye 13 da rabi. Sau biyu ake shan kwana a kowane zagaye, kuma duk hagu ake karyawa, tun daga ranar da yaro ya fara koyo har ranar da ya ajiye takalmi. Shi kansa takalmin don hagu aka gina shi: ƙarfen da ke ƙasansa ana ɗaura shi a gusa zuwa hagu, sannan a ɗan lanƙwasa shi domin ya bi kwanar da kansa.

A cikin kwanar ne ƙafafun biyu suke rabuwa da aiki. Ɗan wasa yana durƙushe, ƙirji kusa da cinya, jiki ya kwanta hagu har yatsun hannu na shafar ƙanƙara. Ƙafar dama ke tsallake ta hagu, ta hagu kuma ta tura ta ƙarƙashin jiki ta tashi. Idan gudu ya yi gudu, a tsakiyar kwana yakan daina taku ya rataya a kan ƙafar dama ita kaɗai. Mai yin zagaye cikin sakan 9.4 yana tafiyar kusan kilomita 43 a awa, kuma a irin wannan gudun nauyin da ke sauka a kan ƙafar a tsakiyar kwana ya haura nauyin jiki sau ɗaya da rabi. Tsokar da ke riƙe da wannan nauyi a ɗaure take, ba ta miƙewa ba ta saki, saboda haka tana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta. Awon da aka yi da na'urar hasken da ke nuna yawan iskar oksijin a tsoka ya nuna cewa cinyar hagu tana samun sararin farfaɗowa a cikin zagaye, ta dama kuwa ba ta samu sosai. Masu bincike a Poland kuma sun auna 'yan tawagar matan ƙasar suka ga babbar tsokar ɗuwawu ta dama tana riga ta hagu gajiya.

Wadda wannan nazari ya shafa 'yar shekara 21 ce, mai nauyin kilo 58, tana horo a wata cibiya a Turai, ta yi shekara 9 tana wasan. Mita 1000 ne tserenta. Ba ta taɓa karaya ko tiyata ba. Abin da kawai ke rubuce a takardunta shi ne ciwon tsatso da yakan taso mata a ƙarshen kakar wasa, ya wuce da ta huta.

Yuli zuwa Agusta: yadda abin ya faro

Abu biyu suka sauya a Yuli. Ta shiga rukunin manya, yawan zagayenta na mako ya tashi daga kusan 600 zuwa 900 cikin mako uku. Zagaye 900 kilomita 100 ke nan, shan kwana sau 1,800, duk gefe guda. A cikin watan kuma ta karɓi sabon takalmi aka mayar masa da tsofaffin ƙarafunta.

A mako na biyu na Agusta ta fara ƙorafin cewa ƙafar dama tana mata nauyi daga zagaye na 7 zuwa sama. A lokacin babu ciwo. Agogon koci ne ya fara nuna matsalar: a gwajin zagaye 9, a da tana yin na tsakiya a sakan 9.4 ta rufe biyun ƙarshe a 9.6, yanzu biyun ƙarshen sun koma 10.1 da 10.3. A bidiyo ana ganin ƙugunta na zamewa waje a tsakiyar kwana, gwiwar dama na faɗawa ciki, tana fita daga kwanar da faɗi ta bar ƙofa a buɗe ga duk mai son wucewa ta ciki. Kafin watan ya ƙare ciwo ya bayyana: wani nauyi mai zurfi a saman ɗuwawun dama, yana saukowa ta gefen cinya har wajen sha-raɓa. Ba ta iya kwanciya a gefen dama, zama a mota fiye da minti 40 kuma yana tayar da shi. A ma'aunin tsananin ciwo ta sa shi a 4 cikin 10 idan tana hutawa, 7 bayan horo.

Satumba: tausa, rola da maganin ciwo

Gasar tantance 'yan tawaga na tafe, don haka ba wanda ya yi maganar rage horo. Aka sa ta tausa mai zurfi sau 3 a mako, rolar soso safe da yamma, da ibuprofen na kwana 7. Kowace tausa takan ba ta sauƙin kwana ɗaya zuwa biyu. Da ta ga haka sai ta ƙara da nata: ta samo ƙwallo mai tauri tana hawa kanta da dukkan nauyinta minti 10 kowane dare, tana cije baki, a tunaninta gwargwadon zafi gwargwadon magani. Wurin ya yi tsami, fatar ta yi shati, har taɓawa kaɗan ma tana ji. Ta shiga gasar ta ƙare a bayan matsayin da ta saba samu, kuma a dukkan tserenta a zagaye biyu na ƙarshe aka wuce ta.

Oktoba: hoton baya, hutu, da ɗaga ƙarfe

Ganin ciwon na saukowa ƙafa ya sa likitan tawaga ya zargi faifan ƙashin baya da danne jijiya. Hoton MRI ya nuna wani ɗan kumburin faifai tsakanin ƙashin tsatso na 4 da na 5, amma bai taɓa jijiya ba. Irin wannan kumburi ana yawan ganinsa a hoton mutanen da ba abin da ke damunsu. Gwajin jijiyoyi lafiya lau: babu sanyin ƙafa ko mutuwar fata, kuma ɗaga ƙafa a miƙe tana kwance bai tayar da ciwon ba. An duba jini saboda gajiyar, himoglobin da ajiyar sinadarin ƙarfe duka daidai. Duk da haka aka ba ta hutun kwana 10 daga ƙanƙara. Ciwon ya sauka zuwa 1 cikin 10. Ta dawo kai tsaye kan jadawalin zagaye 900, a horo na huɗu ya dawo yadda yake.

Daga nan mai kula da ɗaga ƙarfe ya ɗauka ƙafar dama ce ba ta da ƙarfi, ya ƙara mata tsugunno da ƙafa ɗaya da nauyi mai yawa, sau 3 a mako, da safe kafin ta hau ƙanƙara. An gudu gara an faɗa gidan zago: tana isa fili ƙafar ta riga ta gaji, nauyin da a da take ji a zagaye na 7 ya dawo na 5.

A ƙarshen watan aka gwada busasshiyar allura a karon farko, wato siririyar allura da ake tsirawa cikin ƙullin tsoka, wurin da tsokar ta ɗaure take zafi, ba tare da an zuba magani ba. An yi ta ranar Alhamis alhali gasa Asabar. Tsamin da ke biyo bayan irin wannan allura yakan kai kwana ɗaya zuwa uku, don haka da shi ta yi tsere. Bayan tsamin ya wuce ta samu kwana 4 babu ciwo, wanda ba ta samu ba tun Agusta, sannan ya dawo.

Makon farko na Nuwamba: awo daga tushe

Wata likitar fisiyo ta karɓi lamarin, ta ware kwana biyu don awo kawai.

Ta fara da laluben hannu. Abin da ake kira ƙullin tsoka wuri ne ɗan ƙarami mai tsananin zafi a cikin wani zare na tsoka da ya ɗaure kamar igiya, irin wanda tela ko mai dogon tuƙi yakan ji a kafaɗarsa. Likitoci biyu 'yan Amurka, Janet Travell da David Simons, su suka tsara bayaninsa a babban littafinsu na 1983, kuma alamomin da ake nema uku ne: ɗaurarren zare, wuri mai zafi a cikinsa, da ciwon da ke tafiya wani wuri daban idan an danna. Akwai farkakken ƙulli, mai ciwo da kansa, wanda idan an danna mutum zai ce wannan shi ne ciwona. Akwai kuma ɓoyayye, wanda ba ya ciwo sai an taɓa shi, amma bincike ya nuna tsokar da ke ɗauke da shi tana saurin gajiya. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne mahaɗar jijiya da tsoka na ta sakin sinadarin da ke umartar zaren ya ɗaure, ɗaurewar ta toshe jini, rashin jinin kuma ya hana zaren samun kuzarin da zai saki.

'Yar wasan tana kwance a gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi, likitar ta bi ƙasan bakin ƙashin ƙugu da babban yatsa, tana ratsa zaren tsokar a gicciye. Kimanin yatsu uku ƙasa da bakin ƙashin ta ci karo da igiyar. Da ta nutsa yatsa ta riƙe sakan 10, ciwon ya gangara gefen cinya zuwa sha-raɓa, daidai hanyar da 'yar wasan ta yi wata biyu tana nunawa. Wannan hanya sananniya ce ga ƙaramar tsokar ɗuwawu, wadda ke kwance ƙarƙashin matsakaiciyar, kuma ita ce ake yawan ɗauka ciwon jijiyar baya ne. A dama an samu farkakku 2 a tsokokin gefen ƙugu da ɓoyayyu 4: ɗaya a babbar tsokar ɗuwawu, biyu a tsokar gefen cinya, ɗaya a tsokar tsatso. A hagu ɓoyayye ɗaya kacal.

Sai ma'aunin matsi, wata na'ura mai kan roba faɗin santimita murabba'i ɗaya. Ana dannawa a hankali da gudu ɗaya har mutum ya ce matsi ya koma zafi, a maimaita sau 3 da tazarar sakan 30, a ɗauki matsakaici. Gefen ƙugun dama ya ba da kilo 2.6, wuri ɗaya a hagu 4.8.

Awon ƙarfi ne ya fito da abin da ba a zata ba. A tsalle da ƙafa ɗaya a kan farantin awo, tana da hutu, ƙafar dama ta fi ta hagu da kashi 6 cikin 100, kuma cinyar dama ta fi kauri da santimita 1.5. Aka sa ta zagaye 9 sau 3 da gudun tsere, aka maimaita tsallen cikin minti 2 da saukowarta. Ƙarfin hagu ya ragu da kashi 7, na dama da kashi 18. Tsayuwa da ƙafa ɗaya a durƙuson tsere: hagu sakan 81, dama 52. A gwajin Biering-Sørensen, inda ake kwanciya rub da ciki a ɗaure ƙafafu a gado a bar gangar jiki a sarari, ta riƙe sakan 148, kuma na'urar auna wutar tsoka ta nuna alamar gajiya na saurin bayyana a ɗuwawun dama fiye da na hagu.

A rana ta biyu aka kai takalman wurin mai gyaran ƙarafa. Ma'auninsa ya nuna lanƙwasar ƙarfen dama ta kusa miƙewa a rabin baya, kuma lokacin da aka mayar da shi kan sabon takalmi an ɗaura shi milimita 3 daga inda yake a tsohon. Ƙarfen da lanƙwasarsa ta ragu yana son tafiya miƙe a cikin kwana, sai mai shi ya riƙa tilasta masa juyawa da ƙugu. Ita ta ji bambancin tun Yuli, amma ta ɗauka rashin sabo da sabon takalmi ne.

Nuwamba zuwa Disamba: shirin mako 8

An gyara ƙarfen a ranar. An sauke zagayen mako zuwa 450 na mako biyu, aka cire duk atisayen shan kwana da cikakken gudu, aka cike giɓin da keke domin numfashinta kada ya faɗi. Daga mako na 3 ana ƙara zagaye da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a mako, kuma ba a jera ranaku biyu na kwana mai tsanani.

An koma ga allura, amma da tsari: sau ɗaya a mako har mako 4, ranar Asabar bayan horon ƙarshe, domin tsamin ya faɗa ranar hutu. Allura mai kaurin milimita 0.30 da tsawon 75 aka yi amfani da ita, saboda ƙaramar tsokar ɗuwawu tana da zurfi, gajeriyar allura ba ta kai mata. Alamar an dace ita ce zaren ya yi firgigit ya motsa ƙarƙashin fata. Bayan an zare sai ɗumi na minti 10, miƙa tsokar a hankali, da keke mara nauyi minti 20. Ƙullin tsatso ba a sa masa allura ba, da hannu aka danna shi, don ƙoda da gefen huhu suna kusa da wurin. An karɓe ƙwallon nan mai tauri aka ba ta mai laushi, da ƙa'ida: a jingine da bango, sakan 60 a kowane wuri, sau ɗaya a rana, zafi kada ya wuce 5 cikin 10.

Atisayen ƙarfi aka juya shi zuwa juriya. An daina ware ƙafar dama da ƙarin nauyi, ɗaga ƙarfe ya koma sau 2 a mako da nauyi ɗaya ga ƙafafun biyu. A madadinsa ta riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya a durƙuson tsere, sakan 30 sau 5, ana ƙara sakan 5 kowane mako har ya kai 60, da ɗaga ƙafa tana kwance a gefe, da tafiyar kaguwa da roba a gwiwa. Duk wannan bayan ƙanƙara ake yi, ba kafinta ba, kuma da zarar gwiwa ta fara faɗawa ciki an tsaya ke nan, ko lokaci bai cika ba.

Sai juyawa dama. Wannan ya fi sauran wahalar shiryawa, domin ƙarfen da aka lanƙwasa hagu ba ya yarda da kwanar dama da gudu, kuma mutum ɗaya ba zai bi saɓanin jama'a a fili ɗaya ba sai an yi karo. Aka nema mata ƙarafa marasa lanƙwasa, koci kuma ya mayar da minti 10 na ƙarshen horo, sau 3 a mako, na juyawa dama a hankali ga dukkan rukunin. A ƙasa kuma, atisayen da ake ɗaura bel a ƙugu wani ya riƙe igiya ana kwaikwayon kwana, aka raba shi biyu daidai tsakanin hagu da dama.

Kowace Litinin da safe ana maimaita awon matsi. An yi yarjejeniya da koci cewa idan na dama ya gaza kashi uku cikin huɗu na hagu, za a rage shan kwana a wannan makon ba tare da jayayya ba. A mako na 2 ta fara kwanciya a gefen dama. A mako na 4 ciwon da ke gangarawa ƙafa ya ɗauke, awon matsi ya kai 3.7. A mako na 8 tana zagaye 750.

Janairu: ya sake taɓa ta

Bayan wata gasa ta kwana uku, inda ta yi zagayen share fage, na cike gurbi da tseren ba-ni-in-ba-ka, sannan ta yi awa 9 a zaune a mota, nauyin ƙafar ya dawo, awon Litinin ya nuna 3.1 a dama da 4.8 a hagu. Aka bi yarjejeniyar: kwana 5 babu shan kwana da gudu, allura sau ɗaya, keke. Litinin ta gaba ya koma 4.0.

Maris: inda aka tsaya

A ƙarshen kaka babu ciwo a hutu, bayan horo mai tsanani yakan kai 1 ko 2 ya wuce kafin safiya. Awon matsi 4.3 a dama, 4.9 a hagu. Tsayuwa da ƙafa ɗaya: dama sakan 76, hagu 84. Raguwar ƙarfin tsalle bayan gajiya kashi 10 a dama, 7 a hagu. Zagaye biyun ƙarshe a gwajin 9 sun dawo 9.6 da 9.7. Farkakken ƙulli babu, ɓoyayye ɗaya na nan a gefen cinyar dama. Ƙafar dama har yanzu ta fi ƙarfi da kauri, kuma ba a yi yunƙurin sauya hakan ba.

Hukunci

Daga Satumba zuwa Oktoba an bar jaki ana dukan taiki. Tausa da allurar farko sun kwance ƙullin, shi ya sa take samun sauƙin kwana ɗaya zuwa huɗu, amma washegari tana komawa kan shan kwana sau 1,800 a mako da ƙarfen da ke ja mata waje. Hutun kwana 10 ya tabbatar da cewa nauyin horo ne ke ciyar da ciwon, sai dai an ɓarar da amfaninsa da aka mayar da ita kan cikakken jadawali rana ɗaya. Allura iri ɗaya ce a Oktoba da Nuwamba. Abin da ya bambanta shi ne a karo na biyu an rage abin da ke ɗaure tsokar kuma an ba ta ranar hutu bayan allurar. Wannan ya sa rage shan kwana da gyaran ƙarfe suka fi cancantar a jingina musu nasarar, allura kuma ta zama abin da ya kwantar da ciwo har atisayen juriya ya samu shiga.

Hoton MRI bai zama kuskure ba, domin ciwon da ke gangarawa ƙafa ya cancanci a kawar da zargin jijiya. Kuskuren shi ne an kalli hoto mako uku kafin wani ya lalubi gefen ƙugu bisa tsari, alhali laluben bai wuce minti 15 ba. Mafi tsadar kuskure kuwa shi ne ɗaukar ƙafa mai ciwo a matsayin mara ƙarfi ba tare da awo ba. Awo a lokacin hutu ma da bai wadatar ba: zai nuna bambancin kashi 6, wanda ke ƙasa da kashi 10 zuwa 15 da aka saba ɗauka a matsayin abin damuwa, a ce mata lafiya lau. Sai da aka auna ta a gajiye, kamar yadda take a zagaye na 8, matsalar ta fito. Bambancin ƙarfi da kauri tsakanin ƙafafun ɗan tseren gajeren zagaye sabo ne da wasan ya gina, kuma yana masa amfani a kwana. Bambancin saurin gajiya shi ne wanda ya kamata a sa wa ido.

Maganar ƙullin tsoka kanta tana da masu suka a cikin likitoci, kuma sukarsu na da tushe: ƙwararru biyu kan lalubi mutum ɗaya su saɓa a kan inda ƙullin yake, ma'aunin matsi kuma zafin wuri yake aunawa, ba ya ganin ƙulli. Saboda haka a wannan lamari mutum ɗaya ce ta yi dukkan awon, a wuri ɗaya da aka yi wa alama daga bakin ƙashi, a rana ɗaya ta mako, kuma ba a yanke shawara da shi shi kaɗai ba sai an haɗa da agogon zagaye da tsayuwar ƙafa ɗaya. Don kakar da ke tafe cibiyar ta sa awon tsalle kafin gajiya da bayanta cikin gwajin watan Yuni ga dukkan rukunin, za a kuma auna lanƙwasar ƙarafa duk bayan mako biyu da duk lokacin da ɗan wasa ya faɗi ya bugi katifar bango.